Tankin da Ke Saman Ɗakin Inna

Yusha'u mai gyaran famfo bai yi boko mai nisa ba, amma duk Agege ba a taɓa jin bututunsa ya yi yoyo ba. Shi ya samo wa Alhaji Baballe tsohon tanki ɗan Amurka, ya ɗora a rufin siminti, daidai saman ɗakin Inna Hansai, mahaifiyar Alhajin. Wani injiniya ya riga ya ce rufin ba zai ɗauki ruwan da ya wuce kubik mita ɗaya ba. A jikin tankin an rubuta kwat dubu biyu, awon can ƙasar. Yusha'u ya auna da ido, ya ce lafiya lau.

Ranar da za a cika tankin, yana cin shinkafa a garejin Ashiru makanike, idonsa ya sauka kan gorar man inji. An rubuta kwat ɗaya a jikinta, a ƙasa an sa mililita 946. Ya ture kwanon gefe. Ashe kwat saura ƙiris ya kai lita! Kubik mita kuwa lita dubu ne. Ya zana da ƙusa a ƙasa: tankin ya kusa kubik biyu.

Ya daɗe a tsugune. Wataƙila rufin ya jure, kuma ba wanda zai sani. In ya faɗa, sunansa ne zai zube a unguwa. Amma wa ya ba shi ikon jingina ran tsohuwa da "wataƙila"?

Ya tari ɗan okada zuwa gidan Alhaji, ko hannun shinkafar bai wanke ba. Ya tarar injin tura ruwa na ruri, ruwa na hawa tankin.

"Alhaji, a kashe! Na yi kuskure."

"Kai da ka ce lafiya lau? Ko shinkafar ce ta hau maka kai?"

"Da ido na auna. Ido ba sikeli ba ne."

Yusha'u ya zana masa lissafin da ƙusa a ƙasa, a gaban 'yan hayar gidan. Alhaji ya dubi rufin, ya dubi ƙofar mahaifiyarsa, ya kashe injin da hannunsa.

Inna Hansai ta leƙo. "Ɗan nan, yau ma ba ruwan?"

"Akwai, Inna, rabin tanki."

"To, ni ciki nawa gare ni?"

Yusha'u ya hau, ya huda tankin a tsakiya, ya sa bututun da zai zubar da duk abin da ya haura. Yana saukowa Alhaji ya ce, "Oga Injiniya, akwai aiki a gidan ƙanena a Abule Egba. Gobe ka zo da ƙusarka."