Shafi na Arba'in da Ɗaya

Littafi ɗaya Babanmu yake saye, yau shekara arba'in ke nan: wanda wata ma'aikaciyar jinya ta riƙa rubutawa kullum lokacin yaƙi, abin da ta gani a asibiti da kan hanya. Kuma sai bugun farko, mai jan bango. Kanta uku ya cika da shi a ɗakinsa. Marigayiya Innarmu takan ce da ana dafa takarda, da gidanmu ya fi kowane gida ƙoshi.

Ina ƙarama abin haushi yake ba ni. Sai da na yi hankali na gane ba karatun yake bi ba. Bayan yaƙi, da kowa ke cigiyar nasa, mutane sun ɗauki wata al'ada da littafin nan. Wanda ya rabu da wani sai ya buɗe shafin ranar da suka rabu, ya rubuta a gefe cewa yana raye, yana wuri kaza, sannan ya miƙa wa wani littafin ya wuce gaba. Baba yana da shekara bakwai ranar da jama'a suka yi turmutsutsu a kan gada, ya rabu da yayarsa. Ranar tana shafi na arba'in da ɗaya, kuma nan kaɗai yake buɗewa.

Da idonsa ya yi rauni, aikin ya dawo kaina. Na karanta masa cigiyar bayin Allah iri-iri, uwa na neman ɗa, miji na neman mata. Yakan saurara har ƙarshe, ya ce, "Allah ya sa sun gana," ya ɗora littafin a kanta.

Wata Litinin da hantsi mai tsofaffin littattafai ya yi sallama, yana ta fara'a. Ya fi shekara ashirin yana kawo wa Baba kaya, amma Baba da zurfin cikinsa bai taɓa gaya masa dalili ba.

"Malam, da ka ga yadda wannan ya zo mini, da ka tausaya masa," in ji shi. "Duk ya wargaje. Na ce wallahi ba zan kawo maka shi haka ba. Na kai wa mai ɗinkin littafi ya ɗinke shi, ya datse masa baki. Duba, kamar sabo!"

Na karɓa na buɗe shafin. Rubutu ne da fensir, ya dushe, ya gangaro ta gefe. Na karanta a bayyane kafin in yi tunani: "Tsinke ƙanena, ina raye. Ka zo ka same ni a..."

Nan ya tsaya. Sauran yana can ƙasan shafin, wuƙar mai ɗinki ta tafi da shi.

Ni ban san wani Tsinke ba. Baba mutum ne mai jiki, kujera ma kuka take in ya zauna. Amma da na ɗaga kai na ga ya miƙo hannu yana neman littafin, na gane shi ne.

Ko mayafi ban gyara ba na nufi shagon mai ɗinkin. Na same shi yana shafa gam, tsoho ne mai haƙuri, ni kuwa na shiga da faɗa.

"'Yata, haka ake aikin," ya ce. "In an ɗinke sai an daidaita baki. Ba wanda ya ce mini rubutun gefen yana da amfani."

"To ina abin da ka yanke?"

Ya nuna mini wata tsohuwar ganga a bayan shago. "Duk Asabar muke ƙonewa."

Na leƙa. Toka ce, ruwa ma ya dake ta. Na so in zage shi, na rasa laifinsa. Na tsaya a wurin na yi kuka mai isata.

Da na dawo, mai littattafan ya tafi. Baba yana zaune, yana bin bakin littafin da ɗan yatsa, sumul ba ko gargada.

"Sake karanta mini," ya ce.

Na sake.

"Ta ce ƙanena?"

"Ta ce, Baba."

"Ni na saki hannunta. Takalmina ne ya fita, na sunkuya. Duk shekarun nan ina ganin ta juyo nemana ne aka tattake ta." Ya share ido da bakin riga. "Ashe ta haye."

Bai ɗora wannan a kanta ba, ya rungume shi a ƙirji.

"Yaya ba ta yin abu sau ɗaya ta bari, ta rubuta a wani," ya ce. "Ki gaya wa mutumin nan ya ci gaba da kawowa. Amma don Allah, kada ya ƙara gyara mini."