Akwatin da Ya Shanye Randa

"Batir ne, na faɗa maka!"

"Batir lafiyarsa ƙalau," in ji Irmiya. "Jiya aka cajo shi a tashar jirgi. Ƙwan cikin akwatin ne ya mutu."

"Ƙwan da ke haske kamar idon mage shi ne ya mutu?"

Ya harare ni. Ni ma na harare shi. Muka koma kan allurar ma'aunin da ke jikin akwatin. Da can in ya danna abin magana takan tashi ta kusa taɓa ƙarshe. Yau sai ta ɗan ɗaga kai ta sake kwanciya, kamar marar lafiya da aka zo dubawa.

Akwatin rediyon, mai aika magana da karɓa, na Irmiya ne. Wani Bature injiniyan reluwe ya bar masa da zai koma ƙasarsu, ya kuma tsaya masa ya sami lasin. Ni, tun da muka gama makarantar midil ban sami aiki ba, nan nake wuni. Mun ja doguwar waya daga rimi zuwa rufin ɗakinsa. Kowace Asabar bayan la'asar mukan yi magana da Edward, ɗan ajinmu da ke aikin kuza a Jos.

Bana damina ta makara. Unguwarmu Tudun Wada ta ce wayarmu ce ke kore hadari. Mai unguwa Ɗantsoho ya yanke magana: zai zo da kansa. In ya ji muryar Edward, wanda ya sani tun yana rarrafe, waya ta zauna. In bai ji ba, a sare ta yau ɗin nan.

Muka sauya ƙwan. Allura ba ta kula mu ba. Muka kankare bakin batir da wuƙa. Na hau rimi na duba ƙullin, tururuwa suka yi bukinsu a ƙafata. Komai lafiya.

"Muntaka, sauko!" Irmiya ya kira ni. "Sun iso!"

An shimfiɗa musu tabarma a zaure, mai unguwa da dattawa uku, da Nagoda mahauci riƙe da gatari a kafaɗa, yana murmushi tun kafin a fara.

"Malam Irmiya," in ji shi, "aljanin naka ya yi sahur ne ko kuwa?"

Aka yi dariya. Irmiya ya danna, ya kira Jos. Shiru. Ya sake kira. Can ƙasa-ƙasa sai ga muryar Edward, yana tambayar ko Zariya na nan, shi bai ji kowa ba. Ta yi rauni ainun, mu kaɗai muka gane ta. Muna jinsa, shi ba ya jinmu.

"Wannan ai kukan gyare ne," in ji mai unguwa.

Na fita. Raina ya ɓaci, ba na son a ga fuskata. Na zaga bayan ɗaki, inda ɗaya wayar ke sauka ta kama ƙarfen da muka kafa a ƙasa. Na tsaya ina kallon wurin. Wani abu ya ɓace. Ga da'irar gindin randa a ƙasa, ta bushe ta tsage.

"Inna! Ina randa?"

Inna Keziya, mahaifiyar Irmiya, ta leƙo daga madafa. "Ina za ta? Tun ran da aka ce baƙi za su zo na sa aka kai ta zaure ta saba da inuwa. Mai unguwa ya zo gidana ya sha ruwa mai ɗumi?"

Randar nan yoyo take yi. Shekara da shekaru ita ke jiƙa ƙasar da ƙarfen ke ciki, ba mu taɓa lura ba. An ɗauke ta, rana ta gasa wurin, akwatin kuwa ba ya aika magana sai ƙarfen na cikin laima.

"Gishiri, Inna! Duk wanda kike da shi!"

Na faɗa zaure da gudu. Mai unguwa ya miƙa hannu ke nan zai karɓi moɗa.

"Ranka ya daɗe, a gafarce ni."

Na rungumi randa. Irmiya ya kalle ni sau ɗaya, ya zabura ya kama ɗaya gefen. Muka fita da ita muna tangaɗi, Inna na bin mu tana salallami: "Yau na ga ta kaina! Ruwan baƙi!" Na watsa gishiri a gindin ƙarfen don wuta ta fi ratsa ƙasa, muka tuntsurar da randa. Ƙasa ta yi ta zuƙa tana tsuwa.

Irmiya ya koma a guje, wandonsa sharkaf. Ya danna.

"Muntaka! Tana tashi! Wallahi tana tashi!"

Na tarar da allura ta wuce tsakiya tana rawa. Dattawa sun cika ƙofa, Nagoda na leƙe ta saman kawunansu.

"Jos, Jos, ga Zariya!"

"Haba, Irmiya!" muryar ta amsa, yanzu da murna. "Ga ka nan raɗau kamar kana bayan katanga! Ina ka shiga?"

Irmiya ya miƙa wa mai unguwa abin magana. Tsohon ya riƙe shi da hannu biyu, ya gyara murya.

"Wa ke nan?"

"Baba Ɗantsoho? Ni ne Edward! Yaya ƙafar taka?"

"La'ilaha illallahu!" Ya ja da baya har hularsa ta faɗi. "Shi ne! Ɗan banzan nan da ya ƙarar mini da goba!"

Ɗaki ya kaure. Nagoda ya jingine gatari ya kutso, wai shi ma sai ya tambayi kuɗin bijimi a Jos. Ni kuwa na tsuguna ina matse bakin wandona.

Da hayaniya ta lafa, mai unguwa ya ce a nuna masa abin da muka yi. Muka kai shi bayan ɗaki. Ya daɗe yana kallon randar a kife, da laimar da ta riga ta fara ja da baya.

"Na ji da kunnena," in ji shi. "Magana ɗaya nake yi. Waya ta zauna."

Irmiya ya matse mini kafaɗa.

"Amma mata tun asuba suke layi a bakin rijiya, guga na kankarar laka. Wannan kuma gaisuwa ɗaya ya yi, ya shanye randa." Ya juyo gare mu. "Asabar mai zuwa, ruwan gidan wa za a ba shi?"