Rabon Kuɗin Dizal

Ba a rufe sashen ɗinkin kujeru ba. Mai kamfanin ne ya sanar da hakan ranar Litinin da safe, yana tsaye a ƙofar sashen, sannan ya juya ya hau bene bai jira godiya ba. Shugaban sashen, wanda kowa ke kira Baba Soso saboda ƙurar soso ba ta rabuwa da gemunsa, ya zauna a kan wata kujera da ba a gama rufewa ba. 

Kamfanin na yin kayan ɗaki ne. Kafintoci suna yanka katako su haɗa ƙashin kujera, masu ɗinki su sa mata soso da yadi. Tun bara rahoton wata-wata ke nuna kafintoci na cin riba, masu ɗinki na asara. Shi ya sa da farko mai kamfanin ya yanke shawarar sallamar masu ɗinkin ya riƙa kai aikin waje, ya kuma umarci akantarsa ta lissafa abin da za a rage idan an yi haka.

Aikin akantar ba biyan albashi ba ne. Ita ce ke faɗa wa mai kamfani nawa kowace kujera ke ci kafin ta fita ƙofa, da inda kuɗi ke zurarewa. Ma'aikata suna kiran ta Almakashi, don duk ranar da ta sauko daga ofis sai an yanke wani abu.

Ranar da ta sauko duba sashen ɗinkin, janareta ya lalace, wuta kuma babu. Kafintoci sun baje a inuwa suna hira, injunansu shiru. Masu ɗinki kuwa sun ja kujerunsu bakin ƙofa inda haske yake, suna ta aiki da allura da guduma.

"Malama Almakashi, yau wuyan wa aka zo aunawa?" in ji Baba Soso.

Ba ta yi dariya ba. Ta tambaye shi injuna nawa ke amfani da wuta a sashensa. Ya nuna mata keken ɗinki biyu da fanka ɗaya wadda ya ce ita ma sai ta ga dama.

Tun kamfanin yana shago guda ake raba kuɗin dizal da na wuta bisa yawan ma'aikatan kowane sashe. A lokacin kowa da hannu yake aiki, rabon ya yi daidai. Daga baya aka sayo wa kafintoci manyan injuna, yawan kafintocin ya ragu, amma ba wanda ya taɓa tsarin. Sai ya zama masu ɗinki, da yake sun fi yawa, suke ɗauke da kaso mafi tsoka na man da injunan wasu ke sha.

Ta nemi mai kamfanin ya ɗaga sallamar wata guda. Ya ce ba wannan ya sa ta ba. Ta ce ta sani, amma ba za ta sa hannu a lissafin da take shakka ba. Ya yarda da ƙyar. Ta sa mai gyaran wuta ya ɗaura wa kowane sashe mita, da watan ya cika ta sake rabon bisa abin da mitocin suka nuna. Asarar masu ɗinki ta ɓace, har da 'yar riba a sama.

Bayan sanarwar, Baba Soso ya tare ta a matakala ya ce zai yi mata kujerar ofis kyauta, da soso mai kyau.

"Baba, idan ka yi, sai na rubuta kuɗinta a kan sashenku," ta ce. Ya bar maganar.

Dizal ɗin da aka sauke wa masu ɗinki bai ɓace ba, ya koma kan kafintoci, kuma sabon rahoton ya nuna yanzu su ne ke asara. Shugaban kafintocin ƙanen mai kamfanin ne, uwa ɗaya uba ɗaya. An aika wa mai kamfanin rahoton tun ranar Laraba. Har yanzu ba a sa ranar zama a kai ba.