Tsatsar Kuɗin Rumawa

A Magariya, zamanin da Faransa ke riƙe da ƙasa, in mace za ta tafi ganin gida ta daɗe, ko makiyayi zai bi shanu kudu, ba gidan liman ake kai azurfa ajiya ba, ba kuma gidan mai gari ba. Maƙerar Hambali ake kaiwa. Shi maƙerin fari ne, aikinsa azurfa da tagulla, mundaye da zobba da 'yan kunne. Garma da lauje ya bar wa maƙeran baƙi. Gajere ne mai saurin fushi, da wuya ya gama ciniki bai ɓata wa wani rai ba. Amma shekara talatin da ɗoriya ba wanda ya taɓa cewa ya ba shi abu ya karɓo shi da tawaya. Ba shi da gonar kirki, ba shi da ɗa namiji da zai gaji guduma. Sunan nan na mai amana shi ne iyakar abin da ya tara, kuma ya fi kowa sanin haka.

Bayan babban yaƙin Nasara na biyu aka kawo wani likitan dabbobi, dogon Bafaranshe mai jan wuya, yana bin ƙauyuka yana yi wa shanu allurar bushiya. Makiyayan Yekuwa suka raɗa masa Mai Allura, sunan ya bi shi har bariki. Hausarsa a bakin rijiya ya koya, don haka ta fi ƙarfi wajen zagin saniya, amma ana ganewa. Zoben sirdinsa ne ya karye ya fara kawo shi wurin Hambali. Aka gyara, bai tafi ba, ya zauna a kan wani kifaffen turmi yana kallon aiki. Daga nan kowace ranar kasuwa sai ya zo. Hambali ba ya ƙaunar Nasara, bai manta aikin tilas ba, amma ya lura shi wannan ɗin hannu yake kallo, kuma ya san lokacin yin shiru. Mai sana'a kuwa in ka san darajar hannunsa, ka gama da shi.

Wata rana da bazara Mai Allura ya zo da wani gwangwanin taba. Ya buɗe, ya warware auduga, ya jera wasu kuɗaɗe goma sha biyu a kan buzu. Duk na tagulla ne, wasu baƙi ƙirin, wasu sun yi kore kamar bakin tsohuwar rijiya. Ya ce kuɗin Rumawa ne, sun kusa shekara dubu biyu. Hambali ya tambaya ko Rumawan nan ne da malamai ke karantawa a cikin Alƙur'ani. Ya ce kakanninsu ne.

Ya bi su ɗaya ɗaya yana nunawa. Ya ce shi ba kowane irin kuɗin Rumawa yake tarawa ba, sai mai ɗauke da abin sama. Ga wani mai kan mutum da hasken rana ya kewaye shi. Ga wani mai tauraro ɗaya da dogon wutsiya. Ga wata mace a tsaye, rana a hannu ɗaya, wata a ɗaya hannun, an kewaye ta da rubutu, ya ce ma'anar rubutun dawwama. Hambali ya yi dariya har zugazugi ya faɗi, ya ce to yanzu suna ina? Dawwama ai ta Allah ce. Mai Allura bai musa ba. Ya ce shi ma abin da ke sa shi tara su ke nan: mutane sun mallaki rabin duniya, suka rubuta har abada a kan abin da bai cika tafin hannu ba, yau sai manomi ya tono shi yana noman alkama.

Na ƙarshe ya fi duka kore, har ya yi kauri. A jikinsa akwai jinjirin wata, tauraro ɗaya a tsakanin ƙahonninsa, shida a kewaye. Hambali ya ce wannan ai kaza da 'ya'yanta ce, wadda manoma ke dubawa su san kusantowar damina. Mai Allura ya ce mai yiwuwa. Wani sarkinsu ne ya sa aka buga shi da matarsa ta rasu, don a ce ta koma sama cikin taurari. Sauran goma sha ɗaya sayen su ya yi, wannan kuwa mahaifinsa ne ya tono shi da garma a gonarsu ya ba shi. Mahaifin ya mutu a yaƙin da aka gama, gidan ma ya ƙone. Abin da ya rage masa na uban ke nan.

Abin da ya kawo shi, akwati yake so na tagulla mai ɗaki goma sha biyu, kowane kuɗi da ɗakinsa daidai girmansa. Zai tafi rangadin allura Mallawa da Dungas da Yekuwa, sai bayan kwana arba'in. Ya bar kuɗaɗen a yi awo da su. Bai ce kada a wanke ba. A ganinsa wannan ba abin faɗa ba ne, kamar yadda ba ka ce wa baƙo kada ya sha man fitila. Ni dai a nan na ɗora masa nasa laifin, Nasara sukan ɗauka abin da suka sani duk duniya ta sani.

Hambali ya yi akwatin cikin kwana ashirin, ya fito yana ɗaukar ido. Da ya jera kuɗaɗen a ciki sai ransa ya ɓaci. Akwati na ƙyalli, abin ciki ya yi dauɗa. A wurin maƙerin fari kuwa, mayar wa mutum kayansa da tsatsa abin kunya ne. Ko munduwa aka kawo ajiya kawai, ba ta komawa sai an jiƙa ta a ruwan tsamiya, an goge da toka, ta fi yadda ta zo kyau. Haka ya ga ubansa na yi, haka ya yi duk rayuwarsa, ba a taɓa yi masa komai a kai ba sai godiya. Ya ce a ransa mutumin nan bai samu maƙerin kirki a ƙasarsu ba. Ya sa matarsa Ƙande ta jiƙa tsamiya mai kauri.

Goma sha ɗaya suka fito jajur suna walƙiya, har ya ji daɗin kansa. Na goma sha biyu ya ƙi. Ya bar shi kwana biyu a ƙwarya, sannan da hantsi ya ɗauko ya shiga gogawa da toka da ɗan rairayi. Koren ya soma ɓamɓaruwa. Ya ƙara ƙarfi. Da ya ɗauraye ya ɗaga a rana, sai ya ga babu taurari. Ƙarfen da ke ƙasa ya daɗe da cinyewa, ashe tsatsar ce ke riƙe da siffarsu, da ta tafi suka bi ta. Watan kaɗai ya rage, shi ma kamar inuwa. Garin neman gira an rasa ido.

Ya daɗe zaune da abin a tafin hannunsa. Tsoro ya kama shi, ba na bariki ba, ba na gardi, sojan Nasara, ba. Tsoron ranar da za a ce a kasuwar Magariya an ba Hambali abu ya lalata shi, abin kuma na maraya. Ƙande ta fito ta gan shi, ya nuna mata. Ta ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa, in mutumin ya dawo a gaya masa gaskiya. Ya daka mata tsawa ya ce ta koma wajen tukunyarta. Ta koma, don ta san shi, in ya yi tsawa irin wannan da kansa yake.

Washegari ya yanko gutsuren tagulla, ya wasa ƙananan kurfinsa da yake zanen zobba da su, ya fara gwaji. Taurarin nan ba huda su aka yi ba, tasowa suka yi a bisa, don haka dole a sassaƙe ƙasan da ke kewaye da su a bar su tsaye. Idonsa ya riƙe inda kowane yake, ɗaya a tsakiya, shida a gefe, da yadda na hagu ya ɗan karkace. Ya yi kwana tara yana ɓata gutsattsari, ya kori masu kawo aiki ya ce ba shi da lafiya. Ran na goma ya ɗauko na gasken. Tun fitowar rana har la'asar yana duƙe, idanunsa na hawaye, yana cire ƙarfe kamar ƙwayar gero ko ƙasa da haka. Da ya gama ya murza da fata don kaifin ya mutu, ya zama kamar hannaye sun daɗe suna shafa shi. Taurari bakwai suka dawo. Shi kansa ya san bai taɓa aiki irin wannan ba.

Ƙande ta karɓa ta duba, ta juya shi, ta miƙa masa.

"Malam, wannan fa ba gyara ba ne."

"Na sani," in ji shi. "Zan faɗa masa da bakina. So nake dai ya samu abin kallo, kada in miƙa masa wayam."

Kuma har ga Allah nufinsa ke nan. Ya shirya maganar, ya maimaita ta a ransa sau ba adadi, har ya san inda zai tsaya ya nemi gafara.

Mai Allura ya dawo ana gab da ruwan farko, ya rame, wuyansa ya ƙara ja. Suka gaisa, ya ba da labarin wani bijimi da ya kusa halaka shi a Mallawa. Hambali ya ɗauko akwatin. Mutumin ya shafa shi ya yaba, sannan ya ɗaga murfi. Fuskarsa ta sauya nan take. Ya yi ta magana da Faransanci shi kaɗai kafin Hausa ta dawo masa. Ya ce me ya sa ya yi masa haka? Wa ya sa shi? Wannan kore da baƙin da ya kankare ba dauɗa ba ne, shekarun ne da kansu, ƙasa ce ta yi su a hankali, ba maƙerin da ke iya mayar da su. Ya ce ya aske wa tsofaffi gemu.

Da farko Hambali ya harzuƙa, don bai saba a yi masa faɗa a maƙerarsa ba, balle a kan abin da ya yi don kyautatawa. Sai dai da ya ga yadda abin ya taɓa mutumin, fushin ya zube. Ya gane akwai ƙasar da tsatsa ke da daraja, kuma ya yi ɓarna goma sha ɗaya bai ma sani ba. Ya sunkuyar da kai ya ce rashin sani ne, a yi haƙuri. A ransa kuwa ya ce wannan duk somin taɓi ne, babbar na nan tafe. Ya gyara murya yana jira.

Mai Allura ya kai hannu ɗakin ƙarshe da kyar, kamar mai buɗe miki. Ya ciro kuɗin ubansa, ya zaro wani ɗan madubi mai ƙara girman abu daga aljihu, ya fita bakin rumfa inda haske yake. Hambali ya ga leɓɓansa na motsi, yana ƙirgawa. Ya ƙirga ya sake ƙirgawa. Sannan ya dawo ya zauna a kan turmi, ya goge ido da bayan hannu.

"Suna nan," ya ce. "Duka bakwai. Na ɗauka tsatsar ce kaɗai ke riƙe da su. Shekara talatin ina kallon abin nan ban taɓa ganin su sarai haka ba." Ya miƙo masa madubin. "Duba, maƙeri, kai ka san aiki. Dubi wannan na hagu yadda ya karkata. Mutumin da ya yi wannan ya zama ƙasa tun kafin a san garinku da namu, amma ga hannunsa nan. Yanzu babu irinsa, ko a wurinku ko a wurinmu."

Hambali ya karɓi madubin ya duba aikinsa. Mai Allura ya ce ya yafe sauran, ya ɗauki rabin laifin tun da bai yi bayani ba, kuma ya nemi afuwar faɗan da ya yi. Ya ce da wannan ɗaya ya tafi, da bai san yadda zai yi ba. Ya rufe akwati ya rungume shi ya miƙe.

"Mushe," in ji Hambali, yadda ake kiran Faransawa.

"Na'am?"

Maganar na nan a bakinsa yadda ya shirya ta. Ya dubi fuskar mutumin, ya ga irin kwanciyar hankalin da bai taɓa gani a kanta ba. Har yau ban san me ya rinjaye shi ba, tausayi ne ko tsoron sunansa, ko daɗin yabon, kuma ina jin shi ma bai sani ba.

"Akwatin," ya ce. "A riƙa shafa masa ɗan mai, saboda damina."

Mai Allura ya yi godiya, ya hau dokinsa ya nufi bariki. Hambali ya koma ya zauna gaban wutar da ta mutu. Tun da ya fara riƙe guduma ba a taɓa yabon hannunsa kamar yau ba, kuma yabon ya fi faɗan yi masa ciwo nesa ba kusa ba. Ƙande ta fito da ƙwaryar fura ta ajiye a gefensa, ta tsaya.

"Ka faɗa masa?"

Bai ɗaga kai ba.

"Ya ce yanzu babu irin maƙerin nan."

Ta ɗan jima a tsaye tana kallon sa. Sannan ta janyo faifai ta rufe furar, ta koma cikin gida.