Mai Ƙwan Kwaɗo

Duk kasuwar bayan haikali a birnin Tainan babu wanda ya san sunan yankan uwar Bi-hun. Mai Ƙwan Kwaɗo ake ce mata, saboda 'yan ƙwallayen rogon da take dafawa har su yi baƙi, ta zuba su a ruwan sukari da ƙanƙara. Da sunan ta tsufa, da shi ta mutu, ta bar wa Bi-hun da ƙaninta Kok-liong rumfa da tukunya.

Shi Kok-liong ba ya iya barin abu yadda ya same shi. Shekarar da aka fara yayin shayi mai sanyi, ya kamfaci ƙwallayen ya antaya cikin shayi da madara. Bi-hun ta ce ɓarna ce. Kafin zafi ya wuce, layin masu saye ya kai bakin rumfar mai kifi. Yanzu in ka zaga garin, kowane mai shayi zai rantse maka shi ya fara, Kok-liong kuwa ya fi kowa ɗaga murya. Wannan bai dami Bi-hun ba. Allon rumfa mai ɗauke da sunan Mai Ƙwan Kwaɗo ne ya dame ta, don ƙanin nata so yake a sauke shi.

"Yaya, a birnin Taichung shayin lu'ulu'u suke ce masa," in ji shi. "Ke ji suna!"

"Ka taɓa ganin lu'ulu'u mai danƙo a haƙori?"

"Ke kin taɓa ganin budurwa ta ce wa saurayi, zo ka saya mini kwaɗo?"

"Kwaɗon ne ya raine ka, sarkin gayu. Ka sauke allon nan, shi ke nan an shafe Inna daga kasuwa."

Da gardama ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, suka yarda a tambayi Inna da kanta. Bi-hun ce ta kawo shawarar, don ta tabbata uwarta tana bayanta. Suka kunna turaren tsinke a gaban allon katakon da ke ɗauke da sunan marigayiyar a falo, suka ajiye mata kofi ɗaya na shayin. Bi-hun ta ɗauko 'yan katakon ƙuri'a, jajaye biyu masu siffar jinjirin wata. In ɗaya ya faɗi a kife ɗaya a buɗe, an yarda. Duka a kife, an ƙi.

"Inna, a bar sunanki a rumfa?" Ta saki katakon. Duka a kife.

Ta ce hannunta ne ya goce, ta sake. A kife dai.

Kok-liong ya karɓa, ya rusuna, ya tambaya ko a sa sabon sunan. Sau uku yana jefawa, kamar yadda ake yi, sau uku ana yarda. Bai yi ko murmushi ba, abin da ya ƙara ba ta haushi.

"Ka iya jifa ne kawai," ta ce.

"Yaya, ba ta son sunan nan. Ranar da ta raka ni makaranta malami ya tambayi sana'arta, cewa ta yi kayan sanyi take sayarwa. Wata mata ta ce, a'a, ba Mai Ƙwan Kwaɗo ba ce? Aka kwashe da dariya. Har muka iso gida kanta a sunkuye yake."

Tun tana yarinya Bi-hun take gefen tukunyar nan, tana jin ana kiran sunan tana alfahari, ba ta taɓa duban fuskar mai amsawa ba. Abin ya yi mata ciwo ƙwarai, ya fi faɗuwa ƙuri'ar ciwo.

Ita ta sauke allon da hannunta.

Bayan an kafa sabo, wani tsoho da ya daɗe bai shigo gari ba ya tsaya yana waige-waige.

"'Yata, ina rumfar Mai Ƙwan Kwaɗo? A nan na san ta."

Sunan ya zo wa Bi-hun har bakin harshe, da daɗinsa. Ta haɗiye shi.

"Babu mai wannan suna a nan, Baba," ta ce. "Ga dai shayi, in za ka sha."