Gudun Ghazali

"Mayar da shi baya," in ji Zaituna, ta matso da wayar kusa da idonta.

A bidiyon, ƙaninta Ghazali ya rungume wata ƙwallo mai kama da gwanda, ya sunkuyar da kai yana ratsa ƙarti. Uku suka taru suka danne shi, filin ya ɗauki sowa.

"To me ya hana ka jefa wa wani?"

"Aikina ke nan, Yaya. A miƙo min, in ruga. Duk wanda ya tare ni, in bi ta kansa."

Sati biyu ke nan da saukarsa gidanta a unguwar Al-Naseem, a ƙasar Larabawa, kullum tana da sabuwar tambaya. Karatu ya kai shi Amurka. Kocin jami'a ya ga gudunsa, ya ɗauke masa kuɗin makaranta, ya sa masa hular kwano. Daga nan wata babbar ƙungiya ta ɗauke shi. Kakar wasa uku ya buga musu.

"Ba ka jin zafi?"

"Kafin wasa allura, bayan wasa ƙwaya. Likitansu ke bayarwa." Ya shafa gwiwarsa. "Ranar da ta ƙi lanƙwasuwa, na tarar an cire sunana daga jikin kabad."

* * *

Tana shara ta ga ƙwayoyin, an ɗure su cikin safa. Ta yaya ya wuce da su filin jirgi? A ƙasar nan kurkuku ne, kuma da sunan mijinta Sha'aban aka nema masa biza.

"Kaina ne, Yaya," ya ce da ta nuna masa su, bai ɗago ba. "Na gwara shi da yawa a fili. In ban sha ba, kamar ana daka a ciki."

Ta zuba su a masai.

* * *

Ranar Alhamis da la'asar ta aike shi baƙala, kantin unguwa, sayen burodin khubz. Har aka kira magariba bai dawo ba. Ta zura abaya da niƙabi ta fita.

Layi biyu daga gida ta same shi tsaye da leda, yana bin ƙofofi da kallo.

"Hajiya, don Allah," ya ce cikin ladabi, "ko kin san gidan Zaituna?"

Ta duba hagu da dama, ta ɗaga niƙabin.

Ya dubi fuskarta, ya yi ɗan murmushi, ya ci gaba da jiran amsa.