Sa Hannun Kawu

Ƙyas ake ce masa a layinsu, saboda ƙarar kyamararsa, kuma ya fi jin daɗin sunan a kan na yanka. Shekara goma sha tara yana riƙe da shagon hoto: labule shuɗi, kujera ɗaya, fulawar roba da ta koɗe, da madubi mai tsaga inda mata ke gyara ɗaurin ɗankwali. Da waya ta shiga hannun kowa, shagon ya koma wurin ɗaukar hoton fasfo da korar ƙuda.

Sai ya ji labarin wani kamfani da ke sayar da hotuna a intanet. Ka tura, su duba, in sun karɓa su ajiye a rumbunsu, duk wanda ya saya a ba ka kasonka. Tun kafin ya tura ko ɗaya ya gama shelanta wa layi cewa duniya za ta san shi.

Cikin wata huɗu ya tura sittin da uku. Sittin da uku suka dawo. Kowanne da dalilinsa a rubuce: wannan ya yi dishi-dishi, wannan haske ya ƙone fuskar, wannan akwai tambarin wani kamfani a jikin rigar, wannan muna da irinsa dubu. Ƙyas ba ya karantawa har ƙarshe. Layin farko kawai yake gani ya ja tsaki.

"Hassada ce," yakan ce wa matarsa. "Yaran da ba su taɓa wanke fim ba, su ne za su koya mini haske?"

"To ka gyara abin da suka ce mana, maigida."

"Ke kawo mini ruwa."

Wanda ya ƙi karanta dalili yabo ya zo nema, kuma kamfanin ba ya rabon yabo.

Hoto na sittin da huɗu na kawunsa ne. Kawu kafinta ne, ƙanin mahaifiyarsa, shi ya riƙe shi tun yana ɗan shekara shida, shi ya saya masa kyamarar farko. Yana da wurin aiki mai injin yanka biyu, da gidan da ya gina da guminsa. Wata rana da azahar Ƙyas ya same shi zaune a kan benci, singileti duk huji, garin katako a gemu, ya riƙe kofin ruwa yana kallon ƙasa don gajiya. Bai yi sallama ba sai da ya ɗauke shi hoto.

Kamfanin yana so a rubuta wa kowane hoto kalmomi a ƙasa, don mai nema ya same shi. Ƙyas ya lura cewa hotunan wahala sun fi tafiya. Saboda haka ya rubuta da Turanci: tsoho, matalauci, yunwa, marar galihu. 

Amsa ta zo bayan kwana uku, kuma wannan karon ya karanta. Hoton ya yi, haske ya yi. Abu ɗaya ya rage: takardar amincewa, wadda mutumin da ke cikin hoton zai sa wa hannu cewa ya yarda a sayar da fuskarsa ga duk mai so. Ƙyas ya buga takardar, ya haɗa da shafin hoton, ya sa rigarsa mai kyau ya nufi wurin Kawu.

Ya tarar da shi yana goge ƙafar tebur. A gefe 'yar Kawu ce, wadda kowa ke kira Malama don tana koyarwa, ta biyo daga makaranta tana jiran a gyara mata kujera.

"A'a, yau manya ne a gari," in ji ta. "Ƙyas, har yanzu duniyar ba ta san ka ba? Mu dai mun gaji da jira."

"Ke dai ji da alli. Kawu, barka da aiki."

"Barka kadai, ɗan nan. Lafiya ka sha guga haka?"

"Lafiya lau. 'Yar takarda ce za ka sa mini hannu. Nan kawai, ƙasan nan."

Kawu ya goge hannu a wando. "Ta mece ce?"

"Ta hoto ce. Ka san Turawa da son takarda. Ba komai a ciki."

"In ba komai a ciki, me ya sa ake neman hannuna?" Ya laluba aljihu. "Na bar tabarau a gida. Malama, duba mini."

Ƙyas ya kai hannu zai janye takardar, amma ta riga shi. Ta fara da dariya da ta ga hoton.

"Baba, kai ne da singiletin da Inna ta ce za ta ƙona!"

Sai dariyar ta tsaya. Ta ɗago ta kalli Ƙyas, ta sake kallon takardar.

"Karanta mana," in ji Kawu.

"Baba, bari kawai."

"Na ce ki karanta."

Ta fassara masa kalmomin ɗaya bayan ɗaya, ba ta ƙara ba, ba ta rage ba. Kawu ya miƙa hannu ya kashe injin da ke kuka a bayansa. Wurin ya yi tsit.

"Yunwa," ya ce. "Ɗan nan, yaushe ka taɓa kwana da ita a gidana?"

"Kawu, ba haka ba ne. Kalmomin kasuwa ne kawai. Ba wanda ya san ka a can."

"Au, don ba su san ni ba sai ka gabatar da ni haka?"

"Ai ba sunanka a jiki."

"Fuskata fa? Ta aro ce?"

Malama ta ce, "Kuma takardar ta ce duk wanda ya saya yana iya liƙa ka a inda ya ga dama, Baba. Ko a allon neman taimako."

"Ke ba da ke nake ba!" in ji Ƙyas.

"Da ni kake, tunda ubana ka kai kasuwa."

Kawu ya ɗauki hoton ya daɗe yana kallo. Ya ce, "Hoton dai ya yi kyau, ba zan ɓoye ba. Ka goge waɗannan, ka rubuta kafinta. Ka rubuta ya gaji, don na gaji ranar. Sai in sa maka hannu yanzu."

A nan mai hankali zai durƙusa ya yi godiya. Ƙyas ya sosa ƙeya ya ce, "Kawu, kafinta ba ya tafiya. Kafintoci sun yi musu yawa."

Kawu ya miƙa masa takardarsa, ya kunna injinsa, bai sake kallonsa ba.

Ƙyas ya koma gida yana ta faɗa shi kaɗai: tsofaffi ba su san zamani ba, mutum ya samu hanya danginsa su tare. Ya zauna a falo ya ɗauko biro. Ya san sa hannun Kawu, tun yana yaro yake ganinsa a katin sakamakon makaranta. Ya gwada sau biyar a bayan wani tsohon ambulan, na shida ya zana a kan takardar. Ya fito ɗas.

Sai idonsa ya kai ƙasan shafin, inda bai taɓa dubawa ba. Akwai wani layi: sunan shaida da sa hannunsa, wanda ya gani da idonsa mai hoton ya sa hannu.

Ya ƙwala wa matarsa kira. Ta fito daga kicin tana yarfe ruwa a hannu.

"Zo ki rubuta sunanki nan."

"Na me?"

"Shaida. Cewa kin ga Kawu ya sa hannu."

Ta kalli takardar, ta kalli ambulan ɗin da ke gefenta da zane biyar a jere.

"Kawu ya zo gidan nan ne ban ji sallamarsa ba?"

"Ke rubuta kawai, ba wanda zai tambaye ki."

"Malama ta kira ni tun kana hanya," ta ce. "Ba ni biron. Zan rubuta abin da na gani."

Ƙyas ya janye takardar da sauri ya ɗora hannu a kai. Ta tsaya tana jira, hannunta a miƙe, har tukunya ta fara ƙauri. Sannan ta juya ta koma kicin, ta bar shi da layin a buɗe.